Inusa da Tawadar Man Gyaɗa

A Madarumfa, a shekarun da gyaɗa ta fara juya wa manoma baya, an yi wani mutum wai shi Inusa, wanda in ka miƙa masa gaisuwa sai ya mayar maka da labarin inji. Kaka uku ya yi a Maraɗi yana aiki a injin matsar gyaɗa, kuma tun da ya dawo bai bar kowa ya manta ba. In jariri ya tsala kuka, sai ya ce bai kai jiniyar inji ba. In aka yaba ƙarfin wani saurayi, sai ya ce a inji irin wannan shara ake ba shi. A bakinsa shi ne mai tayar da injin da safe, shi ne mai kashe shi da yamma, har Bature ma sai ya leƙo ya tambaye shi kafin ya taɓa wani ƙarfe. Mu kuma da ba mu taɓa ganin injin da ya wuce na niƙa ba, sai mu buɗe baki muna gyaɗa kai. Abin da Inusa bai taɓa faɗa wa kowa ba, ko matarsa Dije, shi ne duk kakar nan uku ƙafarsa ba ta taɓa wuce bakin ƙofar injin ba.

Aikin yi kuwa babu. Dije ce ke riƙe da gidan da sana'arta ta ƙuli-ƙuli da mai, shi kuma yana riƙe da inuwar itacen bedi ta bakin kasuwa, kada wani ya ɗauke ta.

Ana cikin haka, da bazara ta kama, yayansa Yahaya ya zo daga ƙauyensu Gabi a kan amalanken jaki. Ko ruwa bai gama sha ba ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Inusa, gonar baba ba ta noma kanta. In ruwan hwari ya sauka ba ka da aikin yi, ka tattara kai da Dije ku taho Gabi. Na gaji da aiko hatsi ga injiniya."

"Yaya, akwai maganar da nake jira daga Maraɗi."

"Shekara huɗu kana jiranta. Halan da ƙahwa ta taho?"

Inusa ya yi dariya, amma ta yaƙe ce. Ba zafin rana yake tsoro ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne mutanen Gabi, waɗanda ya cika wa kunne da labarin inji, su gan shi duƙe da hauya yana tsiyayar gumi kamar kowa. Ya gwammace komai da wannan.

Kwana biyu bayan haka sai ga dama ta faɗo. An gama ginin sabon gidan samariya, wato zauren taron matasan gari, za a buɗe shi nan da mako uku, kuma babban baƙo shi ne Alhaji Alhassan, wanda ya yi shekara ashirin yana shef, wato shugaban ma'aikata, a injin gyaɗar nan, yanzu kuma yana da sito da kamiyoyi, manyan motocin kaya, a Maraɗi. Mushe Maman, malamin lakwal, wato makarantar boko, shi ya kawo labarin gindin bedi. Ya ce Alhaji kullum yana kukan babu wanda ya ajiye hoton injin lokacin da yake injin, zamanin da buhuna ke taruwa kamar duwatsu, kamiyoyi suna jere har ido ya gaji. Ya ce duk wanda ya yi masa irin hoton nan na bugawa, zai tafi da shi Maraɗi, ya ba shi ɗaki ya ba shi aiki.

Inusa ya bi Mushe har gida don ya ga abin da ake kira hoton bugawa. Yana nan rataye a bango, baƙi da fari: wani gari na Turawa da dogayen bututun hayaƙi.

"Wanga ba foto ba ne," in ji Mushe. "Bisa katako ake sassaƙa shi, a shahwa tawada, a ɗora takarda, a danne. Katako ɗaya shina iya hidda hamsin. Haka suke yi don tunawa da tsohin injunansu."

"Ashe hatimi ne ya girma," in ji Inusa.

"Amma tawadar ba irin ta allo ba ce. Baƙi ne ake damawa da wani mai na daban, mai bushewa. Sai an aika Yamai."

Inusa ya dube shi da tausayi. "Mushe, kai da alli, ni da mai. Ni za a hwaɗa wa mai? Na sha shi da hanci kaka uku. Mai mai ne."

Mushe ya buɗe baki zai ƙara magana, Inusa har ya kai ƙofa. Kafin la'asar duk kasuwa ta ji cewa injiniya zai buga hoton inji guda hamsin, kuma duk mai son sallama da shi ya yi tun yanzu, don in ya koma Maraɗi ganinsa sai da takarda.

Ya fara da Ɗan Baba masassaƙi, wanda ya yi shekara arba'in yana sassaƙa turmi da akushi. Ya ce masa katako yake so shimfiɗaɗɗe sumul, kamar allo amma ya ninka shi shida. Ɗan Baba ya ce an gama. Bayan kwana uku Inusa ya dawo, aka miƙo masa akushi mai faɗi.

"Ɗan Baba, mi na ce maka?"

"Na ji abin da ka ce. Hannuna ne bai ji ba. Da na kai tsakiya sai ya nutsa."

Aka sake. Wannan karon akushin bai kai na farko zurfi ba, kuma Ɗan Baba ya rantse iyakar shimfiɗar da Allah ya hore masa ke nan. Inusa ya ari gizago, ya koma gida yana tsaki, ya tsaya tsakar gida yana waige-waige. Idonsa ya faɗa kan ƙyauren ɗakinsu.

Da Dije ta dawo daga talla ta tarar da ɗaki baki buɗe.

"Malam, ina ƙyaure?"

"Ya samu ci gaba."

"Kaji ma sun samu. Ga su can bisa gado."

Kwana biyar yana fama da ƙyauren nan, da gizagon Ɗan Baba da wuƙar yankan albasar Dije. Yatsunsa huɗu suka sha ɗaurin tsumma. Ya sassaƙa doguwar katanga, da ƙofa, da bututun hayaƙi ya leƙo ta bayan katangar, da tarin buhuna a waje, da kamiyo ɗaya. Cikin injin kuwa ya bar shi, ya ce wa ransa asirin kamfani ne, ba a tona shi.

Maƙwabciyarsu Indo, wadda ba ta taɓa ganin katangar da ta fi ƙarfin wuyanta ba, ta leƙo.

"Sannu da aiki, mijin Dije. Taɓarya ce wagga a tsaye?"

"Bututun hayaƙi ne."

"To karen nan hwa?"

"Kamiyo ne, Indo."

"Da wutsiya?"

"Hayaƙi ne shike hitarwa. Ke dai je ki ga tuwonki."

Sai maganar baƙi. Ya kankare gindin tukwanen Dije tas, abin bai cika ko ludayi ba. Ya aika unguwa cewa yana neman baƙin tukunya. Washegari da hantsi sai ga mata jere a ƙofar gida, kowacce da tukwane a kai, wata har da kaskon suya da ta gada daga kakarta. Inusa ya zauna yana kankara yana musu bayanin yadda ake tayar da inji, yana jin daɗi a ransa cewa gari ya fara gane darajarsa. Su kuwa suna ta sa masa albarka, don tun da aka kafa Madarumfa ba a taɓa samun namijin da ya wanke wa unguwa tukwane kyauta ba. Indo ta zo sau biyu, karo na biyu da tukwanen ƙanwarta.

Mai kuwa bai yi nisa wajen nemansa ba. Ranar da Dije ta tafi suna a garin Ɗan Issa, ya jawo tulun man da ta tara don kasuwa, ya juye shi kaf cikin akushin Ɗan Baba, ya zuba baƙi ya dama. Ya ce ashe akushin ma da ranarsa. Da ta dawo ta leƙa tulu, ta leƙa akushi, sai ta zauna daɓas a kan turmi.

"Man da na yi kwana uku ina suya ina matsa, har kahwaɗuna suka daina ɗagawa?"

"Dije, in muka je Maraɗi da hwamfo za ki riƙa tarar mai."

"Malam, ban san inji ba, amma na san man gyaɗa. Shekara goma sha biyar hannuna na cikinshi. Ba ya bushewa. Tsumman da nake goge kwalba da shi tun bara yana nan da danshinsa."

"Wancan man mata ne. In ya shiga hannun ma'aikaci dabam shike."

"Ai daga tuluna ya hito."

"Ya canza hannu," in ji Inusa, ya ci gaba da damu.

Takarda ba ta ba shi wahala ba, don magina sun bar buhunan siminti na takarda fanko a bayan gidan samariya. Ya kwaso, ya farke, ya kakkaɓe. Ya shafa wa ƙyaure tawada da tsumma, ya ɗora takarda. Saura dannewa.

Ya fara da taɓarya. Bugu ɗaya takarda ta huje, tawada ta fantsamo masa har cikin hanci. Ya ari jakin mai ruwa, ya shimfiɗa buhu, ya ce a hau da shi ya tsaya. Jakin ya ɗora ƙafa ɗaya, santsi ya kwashe shi, ya miƙe ya zura a guje ta tsakiyar kasuwa yana buga hatimin kofato a kan tabarmar mai tumatir. Daga nan Inusa ya ce aikin inji sai inji. Ya ɗauki ƙyaure a ka, mu kuma muka bi shi a baya kamar masu rakiyar amarya, har tasha, inda ya roƙi direban wani kamiyo mai ɗaukar kifi ya taka masa a hankali.

"A hankali hwa, da tayar baya."

"Ko da ta gaba ce, malam, katako ne."

"Ni na san katakona."

Kamiyo ya ja baya. Aka ji ƙas. Ƙyaure ya rabe biyu, tsagar ta bi ta tsakiyar katangar da ya sassaƙa. Tasha ta ɗauki shewa. Inusa ya duƙa ya duba, ya ɗago da fuska a sake, ya ce dama katangar inji tana da tsaga daidai wurin. Wannan kam gaskiya ya faɗa, amma babu wanda ya yarda.

Ya ɗaure ƙyauren da igiyar kaba ta baya, ya koma gida, ya cire takalmi, ya hau da kansa. Haka aka buga hotunan injin Maraɗi: injiniya yana taka rawa a kan buhun siminti, ba kiɗa, Indo tana tafa masa ta kan katanga. Hamsin ɗin da ya yi shela suka tsaya a ashirin, don tawada ta ƙare, ƙafafunsa ma sun ƙare. Amma abin mamaki, hoton ya fito. Ga katanga, ga bututu, ga buhuna, har karen ya ɗan yi kama da kamiyo. Inusa ya tsaya yana kallo, ƙwalla ta cika masa ido don daɗi, ya ji Gabi ta yi masa nisa.

Ya shanya su a igiyar wanki. Kwana ɗaya, ya taɓa, yatsa ya yi baƙi. Kwana biyu, haka. Kwana uku, takardun suka jiƙe da mai har ana hango rana ta cikinsu, ƙudaje suka yi sansani, kiyashi suka ja layi daga gindin katanga suka bi igiya. Dije kuwa duk lokacin da za ta wuce takan ɗaga tsumman goge kwalbarta ta kaɗa shi kaɗan.

Ƙamshin mai ya kira awakin unguwa. Suka shigo suka miƙe a kan ƙafafun baya suka cinye huɗu. Dije tana suya ta ƙwala masa kira.

"Malam, kore su mana! Kana tsaye!"

Inusa ya harɗe hannu a baya, ƙafarsa har ta ɗaga ya mayar da ita. "Korar awaki ba aikin ma'aikaci ba ne."

Ita ta bar kasko ta bi su da muciya, kafin ta dawo ƙuli ya ƙone.

Ya tuna malamai kan barbaɗa rairayi a kan rubutu don ya sha tawada. Ya gwada a kan uku, suka koma kamar bangon da aka yi wa yaɓe. Ana gobe za a buɗe gidan samariya, sai wata dabara ta zo masa, ya buga cinya. Ya naɗe sauran ya nufi bakin tafki wurin masunta masu bandar kifi.

"Kihi da ke cikin ruwa tun haihuwarshi kuna busar da shi, bare takarda?"

Masunta suka ce su ba su taɓa banda takarda ba, amma ga wuri. Aka jera hotuna a kan raga tare da tarwaɗa. Mai ya ji wuta ya fara ɗiga, wuta ta ji mai ta tashi. Kafin a yayyafa ruwa bakwai sun tafi, tare da gefen gemun wani tsohon masunci da ya duƙa yana neman karen da aka ce akwai a ciki. Shida suka tsira. Ba su bushe ba, sai dai yanzu sun ƙara warin kifi a kan ƙamshin mai. A hanyarsa ta komawa maguna uku suka raka shi har gida.

"Gobe sai ka ce ba ka da lahiya," in ji Dije, kuma wannan karon ba da tsiya ta faɗa ba. "Wallahi ni zan ce zazzaɓi ne."

Ya so ya yarda. Amma da yamma hadari ya ɗan taso ta gabas, iska mai ƙamshin ruwa ta kaɗo, ga kuma amalanken Yahaya ya shigo gari don bikin. Inusa ya dubi sama, ya dubi jakin yayansa, ya ce gobe za a ga aiki.

Gidan samariya ya sha farar ƙasa ciki da waje, matan gari sun yi kwana huɗu suna shafe. Tun da sassafe Inusa ya shiga da ƙusoshi ya kafa hotunansa shida a bango. Mafi kyawu ya sa shi daidai bayan kujerar babban baƙo, ƙasa-ƙasa, don kada Alhaji ya sha wahalar ɗaga kai in ya waiwaya. Rufin kwano ne, rana kuwa ta bazara.

Wajen hantsi Alhaji Alhassan ya iso, dattijo mai jiki, cikin farar shadda mai ɗaukar ido, tana ƙara saboda sabunta. Aka zaunar da shi, ɗaki ya cika maƙil, aka shiga jawabai. Sarkin samari ya yi nasa, wakilin masunta ya yi, Mushe Maman ya yi da Faransanci sannan ya sake da Hausa. Zafi ya sauko daga kwano. Alhaji ya fara lumshe ido, ya tura kujera baya, ya jingina da bango.

Aka kira Inusa. Ya fito da yatsu a ɗaure, ya gyara murya.

"Ranka shi daɗe, jama'a, mu da muka yi aikin inji mun san abin da ido bai gani ba. Ni da nake tada shi da asuba..."

Babu mai kallonsa. Kowa bango yake kallo. Mai ya ji zafin kwano ya saki jiki, daga gindin kowane hoto baƙaƙen layuka suna gangarowa a kan farar ƙasa, a hankali, har ƙasa. Wata daga cikin matan da suka yi shafe ta dafe ƙirji ta ce inna lillahi. Sarkin samari ya fara huci.

"Wannan hayaƙi ne," in ji Inusa da sauri. "Haka shike yi in aiki ya yi aiki."

"Hayaƙin Maraɗi ƙasa shike yi?" in ji Indo daga baya.

Ana cikin haka sai ga awaki. Ranar kasuwa ce, na gari da na ƙauye duk sun hallara, kuma iska ta kai musu labari. Suka kutso ta ƙofa, suka kutso ta tsakanin ƙafafun mutane, sun fi ashirin, kowacce ta nufi bango. Wata jar akuya ta zagaya bayan kujerar babban baƙo, ta kama gefen takardar da ta manne a bayansa, ta ja. Alhaji ya zabura ya miƙe, ya juya don ya ga mai taɓa shi, ya ba jama'a baya.

Kowa ya zuba ido. A kan farar shaddar nan, daga kafaɗa zuwa kugu, ga injin Maraɗi ya fito raɗau: katanga, ƙofa, bututu, buhuna, kamiyo da wutsiyarsa. Abin da taɓarya da jaki da kamiyo suka kasa, nauyin Alhaji da jawabin Mushe sun yi shi. Duk cikin ashirin ɗin babu wanda ya kai shi kyau.

Sai dariya ta fashe, awaki suka firgita, wuri ya hargitse. Samari suna duka, awaki suna tsalle kan benci, wani bunsuru ya shige ƙarƙashin tebur ya tashi da shi. Jar akuyar ta gama da takarda ta koma lasar bayan Alhaji, yana juyawa tana binsa.

Inusa bai san lokacin da abin ya ƙwace masa ba. Ya cusa yatsu biyu a baki ya tsala wani fito mai huda kunne, ya buga ƙafa sau biyu, ya ƙwala, "Kurrr-hai! Hai!" Awaki suka tsaya cak. Ya ratsa su, bai ko dubi sauran ba, ya cafki kunnen wata tsohuwar akuya mai karyayyen ƙaho, ya murɗa ya nufi ƙofa da ita. Sauran suka bi ta a jere kamar an kira sallah. Kafin ka ce me, babu akuya ko ɗaya a ɗakin. Ya dawo yana karkaɗe hannu, sai ya ga Alhaji ya ƙura masa ido.

"Kai, sake wanga kuka in ji."

"Ranka shi daɗe, wane kuka?"

"Kore! Wallahi Kore ne!" Alhaji ya tafa hannu, fuskarsa ta washe. "Jama'a, ashe nan kake? Wanga shi ne mai korar mana awaki a bakin ƙohwa, wurin da ake shanya ƙulin inji. Daga cikin ofis nake jin kukan nan, kaka uku!"

"Alhaji, ba shi ke tada inji ba?" wani ya tambaya.

"Inji? Ko ƙohwa ba a bari shi shiga, saboda warin bunsuru."

Dariyar da aka yi a ranar har masunta sun ce sun ji ta a bakin tafki. Mu da muka yi shekara huɗu muna gyaɗa masa kai mu muka fi kowa ƙyaƙyatawa, don kada a tuna da mu. Inusa ya tsaya tsakiyar ɗaki, kunya ta rufe shi har ya rasa inda zai ajiye idonsa. Ya hango Dije a cikin mata, ita kaɗai ba ta dariya, ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta.

Mushe ya raɗa wa Alhaji abin da ke bayansa. Alhaji ya tuɓe rigar, ya baza ta a kan tebur, ya daɗe yana kallo. Dariya ta lafa.

"Babu injin, babu mu da ke ciki," in ji shi a hankali. "Katanga ce kawai, ta waje. Amma ita ce. Har tsagar nan tana wurin." Ya ɗago. "Ka kalle ta da kyau, Kore."

"Ita kaɗai aka ba ni in kalla, ranka shi daɗe."

Alhaji ya ninke rigar da kansa, hoton a ciki, ya ce ba za a wanke ta ba. Sannan ya ce shi ba ya mayar da magana. Aikin hoto kam babu, don ba shi da rigunan da za su isa. Amma awaki sun addabi sitonsa na Maraɗi, in Kore yana so, ga ɗaki ga aiki, yau ma sai su tafi.

Ga Maraɗi an miƙo masa a gaban kowa. Inusa ya dubi Alhaji, ya dubi jama'a, kowa baki a buɗe yana jiran ya ce to. Ya ja numfashi, ya tattaro ɗan abin da ya rage masa na girma.

"Na gode, ranka shi daɗe. Amma ni ɗan gona ne. Gonar ubana na jirana, hauya zan riƙa kamar kowane namiji."

Wasu dattawa suka ce madalla. Sarkin samari ya ce madalla, amma sai ya sake shafe bango tukuna. Kwana biyu Inusa ya yi yana shafa farar ƙasa, mai yana sake ɓullowa ta ciki.

A rana ta uku aka yi ruwan farko. Washegari suka ɗora kaya a amalanke, da tukwanen Dije, da rabi biyu na ƙyaure, suka kama hanyar Gabi. Da suka yi nisa sai Inusa ya yi gyaran murya.

"Yaya, hauyar da za ka ba ni, a samo mai sauƙi. Hannuna bai warke ba."

"Wa zai ba ka hauya?" in ji Yahaya, bai ko waiwayo ba. "Ka sare mini hatsi ka bar ciyawa? Ina da masu noma. Awakin Gabi ne suka hana ni sakat, bara rabin wakena su suka ci. Da na ga aikinka ranar bikin nan na ce Allah ya kawo mini sauƙi."

Dije ta juya fuska wajen daji, kafaɗunta suna rawa. Amalanke yana ta ƙara a cikin danshin rairayi. Can Inusa ya nisa.

"Akwai tsohuwa a cikinsu? Wadda sauran ke bi?"

"Akwai wata baƙa, shaiɗaniya."

"To ita za a hwara kamawa. Kuma sanda sai ta sabara, ɗanya, ba kowace sanda ba." Ya gyara zama, murya ta fara dawo masa. "Yaya, ba yabon kai ba, duk Maraɗi ba a yi mai korar awaki kamata ba."

"Wannan kam na yarda," in ji Yahaya.

Inusa ya jira ya ji dariya ta biyo baya, ba ta biyo ba. Da gaske yayansa yake, kuma abin ya yi masa ciwo fiye da duk dariyar gidan samariya. Ya sauko daga amalanke, ya ce su ci gaba zai cim musu, ya shiga daji neman sabara.